Ozzie Newsome Bai Samu Kujerarsa a Sadaka Ba

Wata Lahadi muna gidan suna a bayan garin Baltimore, a gidan wani ɗan'uwanmu da aka yi wa haihuwa. An ci tuwo an sha kunu, mata suna ciki, mu maza muna falo, talabijin na nuna wasan Ravens, kulob ɗin ƙwallon Amurka na garin, kamar yadda ake yi a kusan kowane gida a garin nan idan kakar wasa ta kama. Can sai kyamara ta hasko wani dattijo baƙar fata a ɗakin manya da ke saman filin wasa, ya yi shiru yana kallo. Na taɓa na kusa da ni na ce, ga Ozzie can.

Sai wani saurayi, ɗan abokina, wanda a nan Amurka ya yi karatunsa, ya juyo ya ce, "Kawu, ai irin waɗannan ado ne kawai. Tsohon ɗan wasa ne mai suna, ga shi baƙi, sai aka ba shi kujera don a rufe bakin mutane."

Ban tanka masa a wurin ba, don gidan biki ne, kuma mahaifinsa na zaune. Amma maganar ta tsaya mini a rai har na dawo gida. Da daga bakin wani mai ƙyamar baƙar fata na ji ta, da ban yi mamaki ba. Daga bakin ɗanmu ta fito, yaro mai hankali, wanda gobe shi ma ana iya faɗa masa irinta a wurin aikinsa idan Allah ya ɗaga shi.

Ni a ganina Ozzie Newsome guminsa ya ci. Na yarda suna ya buɗe masa ƙofa. Amma abin da ya zaunar da shi a kan ragamar zaɓen 'yan wasan Ravens daga 1996 har 2018 shi ne ya yarda ya ajiye sunan, ya koma yaron gida, ya koyi sana'ar daga tushe. Kuma idan ana neman aibun NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, a daina dubansa a wajen 'yan tsirarun baƙaƙen da suka kai sama. A dubi yadda masu kulob suka daɗe suna tsare ƙofar ɗakin da ake koyon aikin.

Aikin da ba a tafa wa

Ga wanda bai saba da ƙwallon Amurka ba, koci ne ke tsara wasa, amma janar manaja ne ke kawo masa mutanen da zai yi wasan da su. Kulob 32 ne a gasar NFL. Kowace shekara, wajajen ƙarshen Afrilu, ana zaman zaɓen matasan da suka fito daga jami'o'i, zagaye bakwai. Kulob ɗin da ya fi shan kashi bara shi ke fara ɗauka, zakara kuma sai a ƙarshe.

Bayan haka, tun 1994 akwai iyakar kuɗin da kowane kulob zai kashe a albashin 'yan wasa. A 2024 ta kai dala miliyan 255.4, kuma da ita za ka riƙe mutum 53. Saboda haka attajiri ba ya iya sayen kofi da ƙarfin aljihu irin yadda muke gani a ƙwallon Turai.

Ka ɗauka dillalan shanu ne 32 aka ba kowa kuɗi daidai da na ɗan'uwansa, aka tura su kara ɗaya. Wanda zai yi fice a cikinsu shi ne wanda zai dubi maraƙi ya gane irin bijimin da zai zama nan da shekara uku, ya kuma san ranar da ya kamata ya rabu da tsohon sa tun bai rame ba. Aikin Ozzie ke nan, kuma babu mai tafa wa mutum a kansa ranar da ya yi shi.

"Ai sunansa ne"

Suna kam yana da shi. An haife shi a 1956 a Muscle Shoals ta jihar Alabama, ya yi wasa a Jami'ar Alabama ƙarƙashin shahararren kocin nan Bear Bryant, kulob ɗin Cleveland Browns ya ɗauke shi a zagayen farko a 1978. Kaka 13 ya yi musu, bai taɓa sauya riga ba. Ya cafke ƙwallo sau 662, kuma lokacin da ya yi ritaya a 1990 babu mai buga gurbinsa da ya taɓa kai wannan adadi. A 1999 aka sa shi a zauren gwarazan wasan da ke Canton a jihar Ohio.

Mutum irin wannan, hanya a buɗe take gare shi ya tafi gidan talabijin ya riƙa sharhi, ya sa kwat, ya karɓi kuɗinsa cikin kwanciyar hankali. Shi kuwa a 1991 sai ya shiga ofishin Browns a matsayin mai duba 'yan wasa, ƙaramin ma'aikaci. A shekarar ne aka kawo Bill Belichick koci, mutumin da duniyar wasan ta sani da tsanani da ƙwaƙwaf a kan kowane ɗan ƙaramin abu. A ƙarƙashinsa Ozzie ya zauna yana kallon faifan wasanni, yana rubuta rahoto a kan yaran da shekarun baya suke neman ya sa musu hannu a riga. Sai a 1994 ya zama daraktan sashen ƙwararrun 'yan wasa.

Duk wanda ya taɓa zama a tashar mota ya san direba gwani daban, mai iya riƙe motoci goma daban. Direban ya san hanya da sitiyari. Mai riƙe motoci sai ya san wane yaro za a ba makulli, wace mota za a sayar kafin injinta ya buga, nawa za a ware don gyara. Wani direban yana iya koya, idan ya yarda ya zauna a benci yana kallon littafin lissafi shekara da shekaru. Da yawa girman kai ba ya barinsu.

In ana son ganin abin da suna kaɗai ke haifarwa, ga Matt Millen. Shi ma gwarzon ɗan wasa ne, sau huɗu ya ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na kofin gasar, abin da Ozzie bai samu ko sau ɗaya ba yana ɗan wasa. A 2001 masu Detroit Lions suka ɗauko shi kai tsaye daga ɗakin sharhin talabijin suka damƙa masa kulob gaba ɗaya, bai taɓa yin aikin ofis ba. Shekara uku a jere, 2003 zuwa 2005, yana kashe zaɓensa na zagayen farko a gurbi ɗaya, na masu cafkar ƙwallo. Lokacin da aka sallame shi a Satumbar 2008 kulob ɗin ya ci wasa 31 ya sha kashi 84 a hannunsa, kuma tawagar da ya bari ta ƙare wannan kaka ba ta ci ko wasa ɗaya ba a cikin 16. Millen Bature ne. Ban taɓa jin wani ya ce launin fatarsa ne ya ba shi kujera ba, alhali shi ne aka ba ba tare da ya yi almajirancin ko wata guda ba.

Na san za a kawo mini John Lynch na San Francisco, wanda shi ma daga talabijin aka ɗauko shi a 2017, kuma kulob ɗinsa ya kai wasan ƙarshe sau biyu. Gaskiya ne, ana samun haka. Amma Lynch tare aka kawo su da koci Kyle Shanahan, kuma ya kewaye kansa da mutanen da suka yi shekaru suna aikin duba 'yan wasa. Ai wannan ma yarda ce cewa aikin sai da wanda ya koye shi. Tambayar da nake yi kawai ita ce, tsofaffin 'yan wasa baƙaƙe nawa ne mai kulob ya taɓa kira daga ɗakin sharhi ya ce musu ga makulli?

Ranar da ya ce wa mai gida a'a

A 1996 Art Modell ya kwashe kulob ɗinsa daga Cleveland ya dawo da shi Baltimore, aka sa masa suna Ravens. Mutanen Cleveland har yau ba su yafe masa ba. An sallami Belichick, Ozzie ya biyo mai gida, aka ba shi mataimakin shugaba mai kula da 'yan wasa. Sabon kulob ne a sabon gari, ana buƙatar a sayar da tikiti, ana buƙatar tauraron da zai cika fili.

Ravens ke da zaɓe na huɗu a wannan shekara. Modell ya fi karkata ga Lawrence Phillips na Jami'ar Nebraska, mai gudu da ƙwallo wanda ke tayar da 'yan kallo tsaye, amma wanda aka riga aka kama da laifin dukan tsohuwar budurwarsa. Ozzie ya tsaya a kan Jonathan Ogden, ƙaton da aikinsa shi ne tare abokan gaba kada su kai ga mai jefa ƙwallo. Babu mai sayen tikiti don ya kalli irin wannan aiki. Ƙari a kan haka, kulob ɗin yana da mutum biyu ƙwararru a wannan gurbi, Tony Jones da Orlando Brown, har sai da Ogden ya yi kakarsa ta farko a wani gurbin daban. Hujjar Ozzie ita ce Ogden ne ya fi kowa a jerin da ma'aikatansa suka yi wata da watanni suna haɗawa, kuma ba a yin jeri don a watsar da shi ranar da ake buƙatarsa.

A tuna, zamansa na farko ke nan a wannan kujera, kuma mutumin da yake ja da shi shi ne mai biyansa albashi. Ɗan ado ba ya yin haka. Wanda aka ajiye don a rufe bakin mutane, abin da mai gida ya ce shi zai maimaita.

A wannan rana dai, da zaɓe na 26, ya ɗauki Ray Lewis na Jami'ar Miami, wanda wasu kulob suka tsallake don suna ganin jikinsa ya yi ƙanƙanta da gurbinsa. Ogden ya shiga zauren gwaraza a 2013, Lewis a 2018. Mutum biyun farko da Ravens ta taɓa zaɓa a tarihinta ke nan. Phillips kuwa St. Louis Rams suka ɗauke shi a na shida, bai gama kaka biyu da su ba, rayuwarsa ta yi ta lalacewa har ya rasu a gidan yari a California a 2016. Ba na kawo ƙarshensa don murna. Abin tausayi ne. Na kawo shi ne don a ga nauyin shawarar da aka yanke a wannan ɗaki.

"Ai don baƙi ne"

Nan ne maganar ɗan abokina ta fi yi mini ciwo, don lissafin shekaru kaɗai ya isa ya rushe ta.

Dokar da masu irin wannan magana suke nufi ita ce wadda ake kira da sunan Dan Rooney, mai Pittsburgh Steelers, wadda a farkonta ta wajabta wa kulob ya gana da aƙalla mutum ɗaya daga tsirarun jinsuna kafin ya naɗa babban koci. A 2003 ta fara aiki, kuma ba ta shafi kujerar janar manaja ba sai 2009. An naɗa Ozzie janar manaja a Nuwambar 2002, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami a tarihin NFL. Dokar ma ganawa kawai ta ce a yi, ba ta tilasta wa kowa ya ɗauki kowa ba. Wanda aka ci tara a kanta a 2003, dala dubu 200, shi ne Matt Millen ɗin nan, don ya naɗa koci ba tare da ya gana da kowa daga tsirarun ba.

Wani zai ce, to ai a ƙarshen 2002 ɗin gasar na cikin matsi. Haka ne. An kori Tony Dungy da Dennis Green, kociyoyi baƙaƙe biyu masu tarihin nasara, lauyoyi Johnnie Cochran da Cyrus Mehri suka fitar da rahoto suna barazanar kai ƙara. Mu ɗauka ma wannan iska ta taimaka wajen ba Ozzie muƙamin a lokacin. Me yake yi kafin nan? Shekara shida yana aikin ba tare da sunan muƙamin ba. A Janairun 2001 tawagar da ya haɗa ta lallasa New York Giants da 34 da 7 ta ɗauki Super Bowl, da masu tsaron baya da maki 165 kacal aka ci su a wasa 16, abin da ba a taɓa yi ba a kaka mai wannan tsawo. Ya ci kofin ƙasa tukuna, sannan bayan kusan shekara biyu aka kira shi da sunan aikin da yake yi. Saboda wannan jinkiri ne ma idan ana lissafin baƙar fata na farko da ya ci Super Bowl yana janar manaja, Jerry Reese na Giants ake ambata, a 2008.

Wanda ya yi noma ya girbe ya kai rumbu, sannan aka ce masa manomi, ba a yi masa alfarma ba.

Kuma a dubi inda ya fito. Yana ɗan shekara bakwai, a 1963, gwamnan jiharsu George Wallace ya tsaya a bakin ƙofar Jami'ar Alabama don ya hana ɗalibai baƙaƙe shiga. Sai a 1971 baƙar fata ya fara buga wa tawagar jami'ar wasa, shekara uku kafin Ozzie ya iso. Ita kanta NFL daga 1934 zuwa 1945 babu ɗan wasa baƙi ko ɗaya a cikinta. Da aka buɗe fili, sai aka tsare gurbin mai jefa ƙwallo, wai yana buƙatar ƙwaƙwalwa. Da Doug Williams, baƙar fata mai jefa ƙwallo, ya ci Super Bowl a 1988, sai ya rage kujerar koci da ta ofis. A yau fiye da rabin 'yan wasan gasar baƙaƙe ne, amma a cikin kulob 32 babu baƙar fata ko ɗaya da ke riƙe da kaso mafi rinjaye. Duk wanda ya dubi wannan tarihi ya ce baƙaƙe ne ake yi wa gata, bai duba da kyau ba.

"Sa'a ce"

Akwai sa'a a zaɓen 'yan wasa, babu mai musu. Yaro na iya karyewa a wasansa na farko, wani kuɗi su juya masa kai. Amma sa'a ba ta zuwa gida ɗaya shekara 23. Ga waɗanda ya zaɓa: Peter Boulware a 1997, Chris McAlister a 1999, Jamal Lewis a 2000, Todd Heap a 2001, Ed Reed da zaɓe na 24 a 2002, Terrell Suggs a 2003, Haloti Ngata a 2006, Marshal Yanda a zagaye na uku a 2007, Joe Flacco a 2008. Reed ma ya shiga zauren gwaraza a 2019. A Fabrairun 2013 Ravens ta doke San Francisco da 34 da 31 a New Orleans, ta ɗauki kofi na biyu da wani koci daban, John Harbaugh, da wani mai jefa ƙwallo daban. Ray Lewis ne kaɗai ɗan wasan da ya buga wasannin ƙarshen biyu. Wato sau biyu mutumin ya gina gida tun daga tushe.

Mutanen garin nan har karin magana suka yi da shi, suna cewa sun dogara da Ozzie, duk lokacin da kulob ya saki wani tauraro hankalinsu ya tashi. Kuma yana saki. Wata ɗaya bayan kofin 2013 ya miƙa Anquan Boldin, wanda ya yi bajinta a wasan ƙarshe, ga San Francisco ɗin da suka doke, a kan zaɓen zagaye na shida kawai. Ya bar Ed Reed ya tafi Houston. Na ji zafin tafiyar Reed, kuma har yau ina ganin an yi gaggawa a kan Boldin. Amma na fahimci ƙa'idarsa, ɗan wasan da ya dace a farashin da ya dace. Mai iyakar kuɗi idan ya biya mutum don abin da ya yi jiya, ba zai sami na biyan wanda zai yi masa aiki gobe ba. Ita gasar kuma tana ba kulob ɗin da ya rasa 'yan wasa ƙarin zaɓe a matsayin diyya, Ravens kuwa ta mayar da wannan hanyar cika rumbu.

Inda ya yi kuskure

Ba waliyyi nake tallatawa ba. Bayan kofin farko sun rabu da mai jefa ƙwallonsu Trent Dilfer suka kawo Elvis Grbac, kaka ɗaya ya yi ya tafi. A 2003 Ozzie ya ba New England zaɓensa na zagayen farko na shekara mai zuwa don ya ɗauki Kyle Boller, wanda bai taɓa zama abin da aka zata ba, New England kuwa ta ɗauki Vince Wilfork da wannan zaɓe. Travis Taylor, Matt Elam, Breshad Perriman, duk 'yan zagayen farko ne da ba su biya ba. Abin mamaki, mutumin da ya yi suna da cafkar ƙwallo, a wajen zaɓen masu cafkar ƙwallo ya fi yin tuntuɓe.

Waɗannan kurakuran sana'a ne. Wanda ba na iya wanke shi a kai shi ne na Ray Rice, ɗan wasan Ravens. A Fabrairun 2014 Rice ya naushi matar da zai aura a cikin lif na wani gidan caca a Atlantic City har ta suma. Tun a lokacin an ga hoton bidiyon da yake jan ta daga lif ɗin. Gasar ta dakatar da shi wasa biyu kacal, kulob ɗin ya tsaya a bayansa, sai ranar 8 ga Satumba da bidiyon cikin lif ya fito duniya ta gani sannan suka kore shi. Mai kulob ɗin da ya gaji Modell, Steve Bisciotti, ya rubuta wa magoya baya cewa ba su yi abin da ya kamata ba wajen neman gaskiyar lamarin. Ozzie na cikin manyan da suka yanke waɗannan shawarwari. Mutumin da ya ƙi Lawrence Phillips a 1996 bai kamata ya jira sai jama'a sun ga bidiyo ba. Da wannan ɗan abokina ya kawo mini, da na sunkuyar da kai na ce ka yi gaskiya.

Amma a lura, wannan tuhuma ce da ake yi wa mai iko. Ba a tuhumar ɗan ado da yanke shawara mara kyau, don ba shi ke yankewa ba.

Zaman ƙarshe

A Afrilun 2018 ya zauna zaɓensa na ƙarshe. Akwai wani yaro baƙar fata mai jefa ƙwallo daga Jami'ar Louisville, Lamar Jackson, wanda ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2016. Tsohuwar maganar nan ta sake tashi a kansa. Bill Polian, tsohon janar manaja mai daraja, ya fito a talabijin ya ce gara yaron ya bar jifa ya koma cafka. Aka ɗauki masu jefa ƙwallo huɗu kafin shi, Baker Mayfield da Sam Darnold da Josh Allen da Josh Rosen. Shi kansa Ozzie ya tsallake shi a na 25 ya ɗauki Hayden Hurst, kuma wannan ma sai a faɗa. Amma kafin dare ya ƙare ya yi musaya da Philadelphia ya karɓi zaɓe na 32, na ƙarshe a zagayen farko, ya kira sunan Lamar. Aka zaɓi Lamar gwarzon gasar na kakar 2019 ba tare da ƙuri'a ɗaya ta kauce ba, ya sake ci a kakar 2023. Wasan da muke kallo a gidan sunan nan, shi ne ke jefa ƙwallo a ciki, kuma rigarsa ce a jikin ɗan abokina.

A zagaye na uku na wannan zaɓe ya ɗauki Mark Andrews, ya kuma ɗauki Orlando Brown ƙarami, ɗan wancan Orlando Brown da ke cikin tawagarsa ta farko a 1996, wanda ya rasu a 2011.

Sannan ya sauka da ƙafarsa. A Janairun 2019 Eric DeCosta ya karɓi kujerar, mutumin da ya shigo kulob ɗin a 1996 yana ƙaramin ma'aikaci, ya yi sama da shekara 20 a ƙarƙashin Ozzie, wasu kulob suna zawarcinsa yana ƙin tafiya. Ozzie ya koma mataimakin shugaba, yana ba da shawara idan an nema. Ravens ta shahara da ɗaukar matasa 'yan shekara ashirin da 'yan kai a kan ɗan ƙaramin albashi, su fara da ɗauko baƙi daga filin jirgi da haɗa faifai, su yi ta hawa. Daga wannan gida Phil Savage ya tafi ya riƙe Cleveland, James Harris ya tafi Jacksonville, Joe Douglas ya riƙe New York Jets, Joe Hortiz ya riƙe Los Angeles Chargers a 2024.

Wannan ƙaramin ɗaki ne nake so a sa wa ido. Dokar ganawa tana aiki ne a saman tsani, lokacin da an riga an gama shiri, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa ake zargin wasu kulob da ganawar cika sharaɗi. A Fabrairun 2022 koci Brian Flores, baƙar fata, ya kai gasar ƙara, kuma a cikin ƙarar ya nuna saƙon waya da Belichick ya aiko masa na taya murnar samun aikin Giants kwanaki kafin a gana da shi, alhali wani Brian ɗin ake nufi, Brian Daboll, wanda shi aka ba aikin. Giants sun musanta cewa sun yanke shawara kafin ganawar. Ko ma yaya kotu ta gani, na san yadda mutum ke ji idan ya sa kaya ya tafi neman aikin da yake zargin an riga an bayar.

Abin da zan so a riƙa tambayar kowane mai kulob shi ne, su wa ka ɗauka bana a ƙananan kujerun duba 'yan wasa, kuma ta wace hanya suka ji labarin aikin? Yawancin waɗannan guraben ba a tallata su. Ɗan koci ne, ɗan abokin mai gida ne, wanda ya yi makaranta da wane ne. Albashin kuma ƙarami ne, sai wanda gidansu za su iya tallafa masa shekara biyu ko uku yake iya jurewa. Ozzie ya shiga ne don Modell ya san shi shekara 13 yana ɗaukar masa duka a fili. Yaron da ke da ido irin nasa amma bai taɓa cafke ƙwallo 662 ba, wa zai buɗe masa?

Na kira mahaifin saurayin nan bayan kwana biyu, na ce masa, "Alhaji, ka turo mini ɗanka ranar zaɓen Afrilu, mu zauna mu kalla tare tun daga na ɗaya har na 32." Ya ce in sha Allahu zai turo shi.